Taku Huɗu da Ban Ƙara Ba

Warin man birki ne ya fito da ni daga madafa ranar Asabar ɗin nan. Maigidana ya kafe babban babur ɗinsa na tafiye-tafiye a tsakar gida, nan Gwarzo, yana canza takalmin birkin baya. Ya gama ɗaure komai, ya goge hannu, sai na ga ya sa ƙafa yana tattaka matakin birkin, alhali ko tayar da babur ɗin bai yi ba.

Na ce, "Wannan kuma na mene ne?"

Ya ce, "Ai dole ne. In ka sa sabon takalmi, takun farko fanko yake tafiya har ƙasa. Sai ka taka sau huɗu ko biyar sannan ya kama. Duk wanda ya taɓa canzawa ya san haka."

Wallahi ludayin da ke hannuna ban san sa'ad da ya faɗi ba. Bari in gaya muku dalili.

A wani ƙauye kusa da Gude na tashi, gidan makiyayan da suka zauna suka kama noma. Kakana na wajen uba shi ne babba a gidan, ni kuma 'yar lelensa. Amaryarsa yake kirana. Kullum in ya dawo daga masallaci sai ya laluba aljihu ya ce, "Amarya, ga sadakinki," ya miƙo min dabino guda. Ni kuma in murguɗa baki in ce ba na auren mai furfura. Ya yi ta dariya har da tari.

Baffana, ƙanin babana, shi ne ɗan gayun gidan. Fatauci yake yi zuwa kudu, a kan wani ƙaton babur mai akwatunan ƙarfe biyu a gefe, irin wanda ba a taɓa gani a yankinmu ba. Ba ya kai shi wurin bakanike. Da kansa yake kwance shi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, kuma ni kaɗai ya yarda in riƙe masa tasar da yake zuba notuna. Kai, ina ji da wannan matsayi! Na fi kowa sanin yadda yake zare dogon ƙarfen da ke riƙe takalman, ya ciro tsofaffin da suka cinye suka yi siriri kamar ɓawon rake, ya sa sukudireba ya tura fistin da ke matse takalman baya, sannan ya zura sababbi. In ya gama sai ya tattaka matakin yana kaɗa kai. Ni a zatona rawar murna yake yi.

Shekarata tara a bazarar da abin ya faru. Rana ce mai zafi, ƙasa ta bushe ƙayau, shanu sun rame suna jiran ruwa. Baffa ya ɗaure sababbin takalman ke nan wani abokinsa ya yi sallama, suka tsaya doguwar gaisuwa, daga nan ya shiga gida wanke hannu. Ni kuma ƙafa ta yi min ƙaiƙayi. Na ɗora ta a kan matakin na taka sau ɗaya. Sai ya tafi luɓus har ƙasa, ba wani ƙarfi. Na ce shi ke nan, na ɓata. Na janye ƙafa, na koma gefe.

Baffa ya fito ya haye babur ɗin, ya ba shi wuta don ya nuna wa abokin nasa. Ya gangara ta hanyar masallaci daidai lokacin da Kaka yake hawowa da sandarsa. Na ga ƙafar Baffa tana danna birki, babur bai ko rage gudu ba. Ya cafki birkin gaba, taya ta zame a kan tsakuwa, ƙaton ƙarfen nan ya kwanta a kan Kaka. Ƙugunsa ne ya karye.

Da yamma, bayan mai ɗori ya tafi, maza suka taru a zaure. Babana ya tambayi yadda aka yi. Goggona ta ce ta hango ni ina taka wani abu a jikin babur. Baffa ya ɗago ya dube ni. Har yau ina ganin idon nan. Ya ce, "To, shi ke nan. Ita ta fasa birkin."

Ba a dake ni ba, da ma dukan aka yi. Shiru aka yi min. Kuma ban yi musu ba, don ni ma na yarda, ai da ƙafata na ji ya tafi fanko.

Wata bakwai Kaka yana kwance. Ruwa ya sauka, gero ya yi bununi, aka yanke shi, duk yana ɗaki. Kullum sai ya aiko a kira masa amaryarsa. Ni kuwa in na ji, sai in gudu bayan rumbu in ɓuya, kunya da tsoro sun hana ni haɗa ido da mutumin da na karya. Innata ta yi lallashi, ta yi faɗa, na ƙi. Ranar da ya rasu aka sami dabino a ƙulle cikin tsumma a ƙarƙashin matashinsa. Goggo ta ce guda-guda yake tarawa.

Shekara ashirin da wani abu ina ɗauke da wannan. Sai ga shi a tsakar gidana, da rana tsaka, an gaya min ban fasa komai ba. Da ma na ƙara taku huɗu, da birkin ya kama.

Washegari na hau mota zuwa Kabo, inda Baffa yake zaune yanzu. Ya tsufa, ya zama Alhaji, babur ɗin an daɗe da sayar da shi. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi ta ina gajiya, ya iyali, ya yara. Sannan na ce, "Baffa, ashe sabon takalmin birki sai an tattaka shi yake kamawa?"

Ya ja carbinsa. Ya ce, "Haka ne. Mantawa na yi ran nan."

"Kuma ka san haka a zaure?"

"'Yar nan, ya zan dubi yayyena in ce ni na karya ubanmu? Ke yarinya ce. Na ɗauka kwana biyu za ki manta."

Na yi masa sallama yadda ya kamata, don ba a koya min wani abu daban ba. Amma raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye muku ba, har yanzu ban yafe ba. Ina roƙon Allah ya ba ni iko.

A hanyar dawowa na biya ƙauyenmu. Ƙauyen ya canza. An sare darbejiyar, gangaren masallaci an zuba masa siminti, kowane gida da babur biyu ko uku. Ɗakin Kaka ne kawai yake nan, an mayar da shi wurin ajiye buhunan wake. Na ce a buɗe min. Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama, na ce, "Kaka, ga amaryarka ta zo." Sannan na shiga.