Sawun Alwala a Kan Matakala

Gidanmu yana bayan kwatar Trans-Amadi a Fatakwal, ɗan bene ne mai ɗaki ɗaya a sama. Maigidana, wanda 'yan kwata ke kira Indabawa da sunan unguwarsu ta Kano, shi ya sa aka kafa matakalar katako mai hawa goma sha uku shekarar da muka tare. Famfo a tsakar gida yake. Sau biyar a rana nakan sauko in yi alwala, in cire silifas a gindin matakala, in hau in yi salla inda muka saba. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Shi maigidan Allah Ya yi masa rasuwa shekara huɗu da suka wuce, a garin nan aka binne shi.

Bara da damina mataki na shida ya fara lotsawa. 'Yata Sakinatu, da ke aure a Kano, ta sa mijinta ya turo wani Umair, gwanin gyaran kayan ɗaki, wanda bai daɗe da zuwa kudu ba. Ya sake katakon, sannan ya shafe matakalar duka da man nan mai ƙyalli da suke kira banish. Daga sama ya faro ya gangara ƙasa, ni kuwa ina sama.

Ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, kafin la'asar ya bushe."

A Kano da ya bushe. A nan iskar ma a jiƙe take. Kwana biyu na yi a sama, maƙwabciyata Ann tana ɗauro mini ruwa da abinci a guga ina ja ta taga. Da ya bushe sai ga matakala tana sheƙi kamar gadon amarya. Ranar da na fara hawanta bayan alwalar azahar, ƙafata ta zame, na gangaro hawa huɗu na bugu a ƙugu.

Sakinatu ta kira tana kuka, daga baya kukan ya koma faɗa. "Umma, na gama magana. Nan da sati uku ina zuwa. In na tarar da matakalar nan haka, tare za mu dawo Kano, a kulle gidan."

Na ajiye wayar. Ina da shekara goma sha bakwai na bar Kano. Wanda na sani a duniya a nan yake kwance.

Ann ce ta kawo Baba Eli, wani tsohon kafinta ɗan cocinsu, mutumin wajen Zonkwa. Gajere ne siriri, kansa fari fat, ɗan yatsansa ɗaya na hagu babu rabi. Ya zo da jakar buhu, ya gaishe ni a tsanake, ya tambayi jiki, ya tambayi ruwa, har ya yi mini gaisuwar rashin da aka yi shekara huɗu da yi. Na daɗe ban ji gaisuwa mai tsawo haka a gidan ba.

Ranar farko bai taɓa komai ba. Ya zauna a kan turmi ya ce in ci gaba da harkata. Da aka kira la'asar na yi alwala, na hau a hankali ina dafa bango. Da na sauko na tarar da shi a durƙushe yana kallon sawuna.

"Hajiya, kullum da jiƙaƙƙiyar ƙafa kike hawa?"

"Sau biyar."

"Ba kya gogewa?"

"Maigidana ba ya son a goge ruwan alwala. Na saba."

Ya kaɗa kai. "Wanda ya shafa wannan bai tambaye ki ba. Ya yi wa ido aiki. Ni ƙafa zan yi wa."

Washegari ya fara kankarewa da fasasshiyar kwalba, ya bi da samfefa. Ni ina zaune a ƙofar kicin da hijabina ina tsince shinkafa, shi yana can yana aiki, hira tana zuwa guntu-guntu. A haka na san shi. Yana saurayi ya zo Fatakwal a bayan motar doya, ya koyi aiki wurin wani Inyamuri mai yin kwale-kwale. Daga nan ya san yadda katako ke zama da ruwa. Ya yi ƙofofi da silin da matakalu a gidajen da yanzu duk an rushe. Matarsa Angela ta rasu shekara tara da suka wuce, ya kai ta gida ya binne, ya dawo. 'Ya'yansa biyu suna Abuja. Shi kaɗai yake kwana a wani ɗaki bayan rumfar masu katako a Rumuokoro.

"Yanzu kowa siminti da tayil yake so," in ji shi. "Wata bakwai rabon da wani ya kira ni. Har na ɗauka lambar wayata ta mutu, na ba Ann ta gwada."

Abu ɗaya na lura da shi. Da na tayar da salla a sama sai ƙarar samfefa ta tsaya, ba ta dawowa sai ya ji motsina. Ban taɓa roƙonsa ba, shi ma bai taɓa ambata ba.

Da ƙyallin ya fita, sai ga tsohon katakon, kowane mataki, ban da na shida da aka sake, da ɗan kwarinsa a tsakiya inda ƙafa ta cinye. Na tambaye shi ko zai goge su su daidaita.

"A'a. Nan ƙafarki ke sauka ko ba ki duba ba. In na goge, sai kin sake koyon gidanki." Ya sa tafin hannu a kwarin mataki na uku, wanda ya fi sauran faɗi. "Wannan kuma ba ƙafa ce ta yi shi ba."

"Nan maigidana yake zama ya saka takalmi in zai tafi kwata."

Ya ɗauke hannunsa, ya wuce na huɗu.

Wajen shafawa ya ce masu aikin kirki sukan shafa mataki ɗaya su tsallake ɗaya, don mai gida ya samu wurin takawa, amma ƙuguna ba zai iya tsallake ba. Sai ya ja layi da alli daga sama har ƙasa, ya raba matakalar biyu. Ya shafa ɓangaren waje, ya bar mini na jikin bango. Kowace safiya ya zo ya kara bayan hannu a jikin katakon, ya ce, "Tukuna." Ruwa kuwa kullum sai ya sauka. Kwanaki suna tafiya, ina ƙirga su da salloli.

Kafin shafi na ƙarshe ya zo da rairayi a leda, ya ce zai barbaɗa a kan ɗanyen man don ƙafa ta samu abin kamawa, amma rairayin a jiƙe yake, kuma babu rana. Na karɓa na zuba a kasko na soya shi kamar zan soya gyaɗa, na tankaɗe da rariyata. Ya tsaya yana dariya har da tari.

"Shekara hamsin ina aikin nan, Hajiya, yau na ga an dafa mini ƙasa. A sa gishiri?"

Ɓangaren bango, wanda ya shafa bayan na wajen ya kama, ya bushe ana jibi Sakinatu za ta zo. Ta iso da hantsi, ko mayafi ba ta ajiye ba ta nufi matakala. Baba Eli yana gefe yana wanke buroshi da kananzir.

"Baba, wannan ai ba ta da kyau. Duk ta dushe."

"Haka ne, 'yata. Jiƙa ƙafarki ki hau."

Ta ɗauki buta ta kwarara wa ƙafafunta ruwa, ta hau, ta sauko, ta sake hawa da sauri tana murza ƙafa don ta zame. Ba ta zame ba. Sannan ta ce in hau ta gani. Na yi alwala cikakkiya, na hau goma sha ukun nan ban dafa bango ba. Daga sama na ga ta zauna a mataki na uku, ta rufe fuska da mayafi.

Can ta ce, "Shi ke nan, Umma. Ki zauna. Amma duk na kira ki ɗauka."

Kwana uku ta yi ta koma. Baba Eli ya zo ya duba aikinsa sau ɗaya bayan sati biyu, ya kara bayan hannu a kowane mataki, ya ce ya kama. A bakin ƙofa ya gaya mini zai tafi gida da Kirsimeti.

"Naki yana nan, kin zauna. Tawa tana can. Na daɗe ina sa ta jira."

Na ce Allah Ya kai shi lafiya. Ya bar mini sauran rairayin a gwangwanin madara, wai ko wani wuri zai goge.

Bai dawo ba. Ann ta ce yana can lafiya, yana gyara bencinan cocin ƙauyensu. Ni ina nan a samana yadda na so. Da safe ba mai sallama a tsakar gida. In na yi alwala na hau, ina jin rairayin yana kama tafin ƙafata, in na waiga sai in ga sawuna goma sha uku suna bushewa a hankali. Gwangwanin yana kan taga, har yanzu ban buɗe shi ba.