Takwaran da Baturke ya riga ni samu

Shekara tara ke nan da muka kai Alhaji Mamman makwancinsa a Yankara, kuma har yau ban gama jin haushinsa ba. A jarida nake faɗa, don shi ban taɓa iya faɗa masa ba.

Tare muka taso, gonar gidansu na jikin tamu. Muna samari muka yi alkawari: duk wanda ya samu ɗa namiji zai sa masa sunan ɗan'uwansa. Ni na cika nawa, ɗana na fari Mamman ne. Shi kuwa karatu ya kai shi Turkiyya, sanyin ƙasar ya kwantar da shi a asibiti. Wani malaminsu na jami'a ya ɗauko shi ya kai gidansa, aka yi jinyarsa har ya miƙe. Malamin nan daga baya ya zama jakada, ya zama ministan harkokin wajen ƙasarsu.

Mamman ya dawo yana koyarwa a Faskari, amma rabin hirarsa tana can. Hoton mutumin na rataye a zaurensa. Da rediyo ya ambaci ministan sai ya ɗaga mana hannu mu yi shiru, ko da muna tsakiyar cinikin bijimi. Ya san ƙasashen da ministan ya sulhunta. Ranar da aka sauke shi daga muƙami, Mamman ko tuwo bai ci ba. Ni da na yi wata biyu kwance da ciwon shawara, sau biyu ya leƙo ni.

Da matarsa ta haifi namiji, na sa sabuwar riga na zauna kusa da liman. Aka raɗa suna, sanƙira ya ɗaga murya, sai na ji sunan Baturke. Jama'a suka juyo suna kallona, don kowa ya san alkawarin. Na shafa fatiha, na karɓi goro, na wuce gona da sabuwar rigata. Can Mamman ya same ni.

"Garba, mutumen nan daga bakin kabari ya tsamo ni. Na gaba naka ne."

Ta gaba mace ce, ta bayanta ma haka. Allah bai sake ba shi namiji ba. Saboda girman mai sunan ba a kiran yaron da shi, Minista ake ce masa har ya yi gemu. Ni kuwa "kai" nake ce masa.

Yanzu da gonakinmu na bakin daji suka gagari zuwa saboda 'yan bindiga, nakan tambayi kaina me Mamman zai ce. Na san zai ce mutuminsa ya ga rigimar da ta fi wannan, kuma da zama ya kashe ta. Ni kuma in ce mutuminsa bai taɓa barin masara ta ruɓe a gona don tsoro ba. Mu yi ta musu har a kira la'asar. Wallahi ina kewar musun nan. Ministan ya riga shi rasuwa, kuma kwana uku Mamman ya yi yana karɓar gaisuwa a zaure. Na je na zauna, ina tunanin ko ni zai yi wa haka.

Watan jiya Minista, ɗan Mamman, ya zo ya durƙusa a gabana.

"Baba, an samu ƙaruwa, namiji. Alhaji ya bar wasiyya, ya ce sunanka za a sa."

Na je sunan. Sanƙira ya ce Abubakar, na ji da kunnena sau ɗaya. Daga ranar kuma, saboda kunyata, ba uwa ba uba da ke faɗinsa. Baba Ƙarami suke ce masa.

Abin da ya rage na Mamman ke nan: ba ya manta alheri, ba ya manta alkawari, sai dai ya san wanda yake sawa gaba. Baturke ya samu nasa takwaran tun Mamman na raye, ni nawa sai ta hannun ɗansa. Allah Ya jiƙansu su biyun, na yafe. Amma ni kaɗai ke kiran jaririn da sunansa. Duk ranar da na je gidan, nakan tsaya a zaure in ɗaga murya in ce a kawo mini Abubakar, daidai ƙarƙashin hoton nan da har yau ba a sauke ba.