Ƙullin Mai Zare

Shekara ashirin da bakwai tana aiki a ɗakin gwaji da ke bayan asibiti, amma in ka tambayi sunanta na yanka sai a yi ta sosa ƙeya. Mai Zare kowa ya sani.

Aikinta ba ya cika ido. In an yi wa mace tiyatar haihuwa, da yardarta akan yanko ɗan naman mahaifa, bai fi farce ba. Mai Zare ta tsaga shi siri-siri, ta ɗaure kowane tsagi da zare sama da ƙasa, ta rataye shi cikin kwalbar ruwan gishiri mai ɗumin jiki. Sannan a ɗiga sinadaran da ke tayar da naƙuda, su furostagilandin masu karya harshe, a ga yadda naman zai tsuke ya saki, na'ura tana zana layi. Abin da ake nema shi ne dalilin da wata mahaifar ke ƙin tsukewa bayan haihuwa, jini ya yi ta zuba.

Sirrin duk yana ga ƙulli. Ka matse, nama ya mutu. Ka sassauta, ya suɓuce. Farfesa, shugaban ɗakin, shi ne mai suna a takardu, amma rabonsa da zare tun gashinsa yana baƙi. Takan ce masa, "Yallaɓai, hannun nan naka na riƙon biro ne kawai." Sai ya yi dariya, don ya san gaskiya ta faɗa.

Bana hannunta ya fara rawa. Ta ɓoye wa kowa. A gida ma ta daina yi wa jikoki ɗinki, ta ɗora wa ido laifi. Tsoronta ɗaya ne: ranar da aka gane, kujerar nan ta tashi daga tata, kuma ita ba ta san kanta a wani wuri ba.

Wata Talata da hantsi aka kawo naman wata mata da ta zubar da jini har aka kusa rasa ta, irin wanda suka yi wata takwas suna jira. Tsagi biyu kacal ya bayar. Ta kama na farko, yatsa ya fizga, zaren ya datse naman gida biyu.

Ta daɗe tana kallon na biyun. Babu wanda ya gani. Tana iya sake gwadawa, in ya lalace ta ce naman ne ba shi da kyau, kuma a ɗakin nan babu mai musa mata. Sai dai matar can tana kwance da ɗinki a ciki, ta yarda a ɗauka ne ko zai amfani wata.

Ta leƙa ofis. "Yallaɓai, wanko hannu ka zo. Nawa ya gaza."

Ya dubi yatsunta, ya laluɓo tabarau. Ta tsaya a kansa. "A hankali, ba bakin buhu kake ɗaurewa ba. Ja kaɗan. Ya isa, saki." Gumi ya jiƙa masa wuyan riga kafin ƙulli biyu su zauna.

Suka rataye naman, suka ba shi awa guda ya huta, sannan ta ce ya ɗiga sinadarin. Layin na'urar ya tsaya a miƙe, can ya ɗaga a kasalance, ya sauka, ya sake ɗagawa.

"Malama, mun yi," in ji Farfesa.

"Ka dai yi, Yallaɓai."

Ta ji daɗi har cikin ranta, kuma abin ya yi mata ciwo. Ta kwashi kwalabe zuwa wurin wanki ɗaya bayan ɗaya, tana riƙe kowace da hannu biyu.