Rodin Surukin Malam Isyaku

A Jakara, in ka ga dattijo ya tsaya yana jinjina burodi a hannu kafin ya saya, Malam Isyaku ne. Shekara talatin da wani abu yana lanƙwasa rodi yana ɗaure wa magina, aikin kuma ya bar masa hali guda: ba ya yarda da abu sai ya taɓa. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, amma har yau in na ce masa an kira salla sai ya kasa kunne da kansa.

A aljihunsa akwai wani tsohon noti ɗaure da zare. Rodi mai lamba sha shida, wanda ake sa wa ginshiƙi, in na gaske ne ba ya shiga ramin notin nan. In ya zurma, to sunan kawai ya ara. Bayan noti sai ya ya da rodin ƙasa ya ji ƙararsa, sannan ya ɗora shi kan benci ya lanƙwasa. Na kirki ya tanƙwaru, na banza ya karye. Ko mai santsin nan da masu walda ke yin taga da shi bai tsira daga gwajinsa ba. Masu sayar da ƙarfe in sun hango shi, hira ta mutu.

Mutum biyu ne kawai notin bai taɓa hawa kansu ba: 'yarsa ta fari, Zuhra, da mijinta Abdulhakeem. Saboda kunyar 'yar fari, tun ranar suna ba wanda ya ji ya ambaci sunanta, sai dai "yarinyar nan". Mijin kuwa, shekara goma sha ɗaya gaisuwa kaɗai ke haɗa su, shi a durƙushe, Malam yana kallon gefe.

Bara Abdulhakeem ya tashi ɗora bene a gidansu na Shahuci, don yara sun yi yawa. Mota ba ta shiga lungun, a kura aka turo rodin, ninke biyu. Ya aiko a roƙi Baba, wato Malam, ya ɗaure masa.

Tun ɗaukar farko Malam ya ji kafaɗarsa ba ta yi nauyin da ta saba ba. Fentin bakin rodin ma sabo ne, har yana kama hannu. Ya sa hannu a aljihu, ya hango surukinsa tsaye da masu aiki, ya fito da hannun ba komai. Gwada kayan suruki a gabansa ai ce masa maƙaryaci ne.

Kwana uku yana ɗauri. Kwana ukun nan ya ishe ni da tambaya.

"Wa ya sayar masa? Shi ya zaɓa, ko cusa masa aka yi? In ya sani fa?"

Na ce, "Malam, kai da ke gwada burodi?"

Ya harare ni. Wallahi haushinsa na ji, na kuma ji tausayinsa.

Rana ta huɗu da safe, an riga an zuba kankare a ginshiƙai huɗu, ya tsinci guntun rodin da ya rage ya zo da shi zaurensa. Ina zaune. Noti ya zurma har ƙasa. Ya ɗora guntun a benci ya danna, ƙas, ya karye kamar rake.

Ya saɓi babbar guduma, na bi shi Shahuci ina haki. Ya fara dukan ginshiƙin da ya ɗaure da hannunsa, kankare na zuba, mutane suka cika lungu. Abdulhakeem ya fito da gudu ya durƙusa.

"Baba, lafiya? Me muka yi?"

Malam ya ajiye guduma, ya miƙa masa karyayyen rodin. Karon farko na ga ya dube shi ido cikin ido.

"Ban sani ba ko an cuce ka ne, ko ka sani. Ba kuma zan tambaya ba."

Ya nuna ɗakin da ke ƙarƙashin ginshiƙan.

"Zuhra ce ke kwana a nan."

Tana bayan labule da goyo. Muka ji ta fashe da kuka.