Na Goge Mata Riga, Aka Tsallake Ta

Mun tashi da asuba, ni da 'yata mai aji uku, muka taka zuwa firamaren unguwarmu a bayan Kawo. An daɗe yarinyar nan ba ta ganin allo. Sai ta matse ido, ta kwafo abin da ba shi aka rubuta ba, ta sha bulala. Ɗaliban wata jami'a da ke zuwa koya musu karatu ne suka lura, suka ce za a kai yara can a duba idonsu, a ba su tabarau kyauta.

Ana gobe tafiya na wanke mata rigar makaranta, na ɗinke hammatar, na aro dutsen guga na gawayi. Na yi mata kitso, na shafe ta da mai. Wa zai kai 'yarsa gaban manya buɗu-buɗu?

Motar jami'ar doguwa ce, har da sanyi a ciki. A Rigachikun muka tsaya shan mai, 'yan talla suka rufe tagogi. Da na ji kuɗin dafaffen ƙwai, na tambayi mai tallan ko kazar ma jami'a ta yi. Bayan Katabu masara ce hagu da dama. Yara suna ihun ga shanu, ga shanu, tawa tana jan mayafina: "Umma, ina suke?"

Da muka isa aka zuba mu a wani babban ɗaki. Jawabi da Turanci, tafi, wani jawabin. Can aka ce lokacin likita ya ƙure, mafi buƙata kaɗai za a gani. Wani jami'i mai kati a wuya ya bi layi, mai hoto na bin sa, yana nuna yara da biro. Mai yagaggiyar riga, taso. Marar takalmi, taso. Ya tsallake tawa.

"Ranka ya daɗe, ita ce fa ba ta gani."

Ya dube ta daga kitso har ƙafa. "Hajiya, ai ke da rufin asirinki. Ki bar wa marasa hali."

Hajiya! Ni da takalmin ƙafarta ma na 'yar maƙwabta ne!

Ban san sanda na miƙe ba. Na ce, "Malam, ido kuka ce za ku duba ko riga?" Ɗalibar da ke koya wa ajinsu ta taso da gudu tana ba ni haƙuri. Allah ya sani ɗalibar ta yi ƙoƙari, ta hau bene ta sauko, amma likita ya riga ya haɗa kayansa. Ta ce za ta kawo shi makaranta ranar Asabar. Aka miƙo mana shinkafa a roba, da nama kamar ƙwayar magani. Na rufe robar, na ajiye ta gefe.

A hanyar dawowa matar da ke gefena ta raɗa min, "Ke ma, Maman yara, kin cika sabon shiga. Ni tsohuwar riga na zaro wa nawa da gangan. Ran Asabar kar ki wanke ta."

Bayan la'asar muka sauka a Kawo. Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, akwai masu taimakon da ba sa gane talaka sai da dauɗa a jikinsa. Tsoro nake ji a sake tsallake ta, har barci ba na yi sosai. Amma rigar tana kan igiya yanzu haka. A goge za ta je, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofar ajin har sai an duba idon.