Layi na Arba'in da Biyar

Ko zan manta komai na ƙuruciyata a Doha, ban da ranar da na tare ƙofa na hana Kawuna fita da wata baƙar leda. Ni da ko a aji sai malama ta matso kusa kafin ta ji amsata.

Lokacin muna zaune a unguwar Al-Sadd. Abbanmu injiniya ne a wurin haƙar gas cikin teku. In ya tafi sai ya yi makonni, in ya dawo kuma ba mai yawan magana ba ne, ni na gado shi. Abin da ya haɗa mu wata tsohuwar kwamfuta ce da ya saya tun yana ɗalibi a Zariya, ya taho da ita har Qatar a naɗe cikin bargo. Allon maɓallai ne kawai mai kauri, sai an jona shi da talabijin, harafin A har ya goge don dannawa. In an kunna ta shuɗin fili ne zai fito, da ɗan ɗigo yana ƙiftawa, yana jiran ka faɗa masa abin yi. Har yau ban ga na'ura mai ladabinta ba. Wayoyin yanzu su suke ba ka umarni.

BASIC ne yarenta. Kowane layin umarni da lambarsa, Abba kuma ya koya mini sa lamba goma-goma: 10, 20, 30. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Don in an tuna wani abu daga baya a sami inda za a sa shi." Daga nan wasanmu ya samo asali. Kafin ya tafi teku sai ya rubuta nasa layukan, ni in cike tsakani da 15, da 25. Ya zana katangar gidan kakanmu, na sa ƙofa. Ya dasa darbejiya, na ɗora mata tsuntsu mai tsalle. Da yake kwamfutar tana manta komai da zarar an kashe ta, a kaset muke adana aikin, Abba kuma yana ajiye su cikin tsofaffin gidajen kaset ɗin tafsiri.

Sai tashi ya kama mu zuwa unguwar Nu'aija, Abba yana teku. Mama na haɗa kaya ta ci karo da su. Ta sa ɗaya a rikoda, ta ji ƙara kawai, ta yanke cewa zafin ƙasar nan ya lalata tafsirin. Abin da ya taɓa ɗaukar sunan Allah kuwa ba a jefa shi a shara. Ta zuba su a leda, ta kira ƙanenta, direba ne a Fereej Abdel Aziz, ya je ya ƙone su.

Ina shigowa daga makaranta na hango gidan kaset mai tsagaggen gefe ya leƙo daga bakin ledar. Namu ne. Ban san lokacin da na ware hannuwa na dafa ƙofa ba.

"Yalla, 'yar gidana, matsa," in ji Kawu. "Na bar mota a bakin titi."

"Ba za a fita da su ba."

Mama ta ajiye tukunyar da take naɗewa. "Me kika ce?"

"Na ce ba za a ƙone su ba."

Kawu ya dube ni, ya dubi Mama. "Yaya, ashe tana da murya?"

"Ke, ni kike faɗa wa ba za a yi ba? Da kunnena na ji ƙarar kaset ɗin. Kamar an taka wutsiyar kyanwa."

"Haka muryar kwamfutar take, Mama. Ki dake ni in kin so, amma sai kin gani tukuna."

Ban saki ƙofar ba. Kawu ne ya gaji, ya ce, "Khalas, shi ke nan, a nuna mana kyanwar." Ya farke kwalin talabijin da shi da kansa ya liƙe, yana mita.

Na jona wayoyi, na sa kaset, ƙara ta cika falo. Kwamfuta ta ce ba ta gane ba. Mama ta miƙa hannu a ba ta leda. Sai idona ya kai kan maɓallin sautin rikoda: ta mirgina shi har ƙarshe lokacin da take neman jin tafsiri, ya bar ɗan zanen da Abba ya karce da ƙusa. Na mayar da shi daidai, na sake. Muka jira, jira mai tsawo. Na rubuta RUN, umarnin ta fara aiki.

Katanga ta fito, sai ƙofa, sai darbejiya, tsuntsu ya hau tsalle. Mama ta matso ta ƙura wa talabijin ido. A gidan nan aka kai ta amarya.

Can ta ce, "Ina rijiyar? Gidan da ba rijiya?" Ta jawo kwali ta zauna kusa da ni. "Akwai sauran wuri?"

Na ce akwai, tsakanin 40 da 50. Ta nuna da yatsa, na haƙa rijiya a layi na 45.

"Sa masa a ƙarƙashi gas ɗin kicin ya ƙare, shi yana can yana haƙo wa duniya."

Na sa. Ranar da Abba ya dawo ya kunna, dariyarsa har maƙwabta suka ji.

Yanzu da yarukan zamani nake aiki, ba lamba ba kaset, sun fi ta sauri nesa ba kusa ba. Duk da haka wanda ya kira tsohuwar nan tarkace sai mun yi da shi. Ranar nan ta koya mini cewa kunya tana da wurinta, amma ba lokacin da ake fita da abin da kake so ta ƙofa ba. Kuma duk abin da zan shirya, ina barin fili a tsakani, don ban san wa zai zo da rijiya ba.