Baba Dankure da Kunnensa

Shekara talatin da ɗoriya, da an idar da sallar asuba, Baba Dankure bakanike yakan fito da akwatin sifanoninsa, ya ajiye shi a gindin bishiyar dogon yaron da ke bakin titin da ya fita Argungu zuwa Birnin Kebbi. Sai ya zauna a benci, ya bai wa titi baya. Baƙo yakan ɗauka girman kai ne. Mu da muka san shi mun san sauraro yake yi. Kafin ka tsaya ya riga ya ji abin da ke damun mashin ɗinka, har da wanda kake ɓoyewa.

Ni malamin makaranta ne, kuma rago ne wajen kula da abin hawa, ban ɓoye ba. Ranar da na fara kai masa nawa, bai ko waiwayo ba ya ce, "Malam, yaushe rabonka da juye baƙin mai?" Na ce kwanan nan. Ya ce, "To wanga mashin shi ad da ƙarya ke nan." 'Yan kabu-kabu, masu haya da mashin, suka yi ta dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Ba ya miƙa makulli sai mai mashin ya durƙusa da kansa. Za ka zare ma'aunin mai ka duba, in ya yi baƙi ƙirin ko ya ja baya, a juye. Za ka tura sarƙa da yatsa ka ji ko ta saki, ka ɗiga mata mai. Ka latsa tayoyi, ka matsa birkin gaba, ka taka na baya. Usmanu, manomin shinkafa daga Zauro, ya ba ni labarin yadda Baba ya riƙe masa makulli tun hantsi har azahar, don kawai ya ce sauri yake yi. Bayan mako biyu wata saniya ta faɗo masa titi, birkin da aka tilasta masa gyarawa ne ya tsayar da shi.

Wannan tsanani yana da dalili, kuma dalilin mai ciwo ne. Mutanen fadama suna da wata ɗabi'a: in mashin ya sha laka, sai su tura shi cikin gulbi su wanke, su hau nan take, birki jiƙe, sarƙa babu ko ɗigon mai. Haka Kalilu, ƙanen Baba, ya yi wata ranar kasuwa, ya kuma ɗaura buhu biyu na shinkafa. Da ya zo wucewa, Baba ya ji sarƙar tana kuka. Aiki ya yi masa yawa, sai ya ɗaga murya ya ce ya kawo mashin in ya dawo. Kalilu bai kai Ambursa ba sarƙar ta goce ta ƙulle tayar baya. Ya rasu, ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu, Baba ne ya rene su. Sau ɗaya na ji ya yi zancen, ya ce, "Na ji ta da kunnena, Malam. Na ji ta, nab bar shi yat tahi."

Baba, kai ne ka ɗauki wannan rana a ka shekara da shekaru, ka mayar da ita tsaro ga 'ya'yan wasu. Kai ne aka kira mai taurin kai, ba ka fasa ba. Mutane da yawa sun kwana a gidajensu ba su san kai ne sanadi ba.

Bara kunnen ya fara nauyi. A watan jiya na tsaya a gabansa, injin yana aiki, bai waiwayo ba sai da na taɓa kafaɗarsa. Ya ɗora tafinsa a kan tanki, ya daɗe, sannan ya janye hannun. Ya ce, "Ba ni jin shi. In naz zamna nan, wata rana wani za shi wuce da tashi sarƙar, in ɗaga mai hannu in ce Allah shi kiyaye hanya." Washegari bai fito da akwatin ba. Babu wanda ya kore shi, hannunsa kuma da sauran ƙarfi. Na yi baƙin ciki ƙwarai, har yanzu ina rage gudu in na zo wajen.

Mun gode, Baba Dankure. Allah ya saka maka, ya jiƙan Kalilu, ya sanyaya maka zuciya. Ku kuma makanikai, kada ku ce wa mai sakakkiyar sarƙa ya dawo an jima. Mu masu hawa, mu durƙusa kowace safiya mu duba mai, sarƙa, taya da birki, mu kasa kunne da kanmu, domin yanzu babu mai saurara mana a bakin titin nan.